Baƙin Mai a Filin 'Yan Tasha

Ranar Litinin aka wayi gari an zuba baƙin mai a filin ƙwallon 'Yan Tasha, saura kwana uku masu duba fili su iso daga babban birni.

Ga yadda aka zo nan. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin gasar ƙasa ya janye rabin tallafinsa, sai Hukumar Ƙwallo ta zauna a ɗaki mai sanyi ta gano cewa rukuni uku sun yi wa ƙasa yawa, za a koma biyu. Duk garin da ke da kulob biyu, ko su haɗe su zama ɗaya su zauna a rukunin farko, ko su biyun su gangara inda babu albashi, babu motar tafiya, sai son wasa. Garin nan kulob biyu gare shi: 'Yan Tasha, waɗanda ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa, da 'Yan Masaƙa, na ma'aikatan kamfanin saƙa. Jirgi ya daina zuwa, masaƙa ta rufe, gabar ce kaɗai ba a sallama daga aiki ba. Shugabannin biyu sun sa hannu a takardar haɗewa kowa yana kallon wani bango. Abin da ya rage shi ne fili: ranar Alhamis masu dubawa za su zaɓi ɗaya, a sayar da ɗayan.

A bayan raga aka tsinci jarkoki huɗu, kowace da sunan 'Yan Masaƙa a jikinta da jan fenti. Gari bai ɓata lokaci wajen tunani ba. Kafin azahar 'yan sanda sun ɗauke direban motar 'Yan Masaƙa daga gareji, wasu matasan Tasha suna bin motar da duwatsu.

Matar Direba ba ta tsaya kuka ba, gidan ubanta ta nufa.

Mai Sawu ake ce masa. Da ƙuruciya ɗan wasan gaba ne na 'Yan Masaƙa. Da gwiwa ta ƙi, ya yi shekara ashirin da huɗu a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun daji, har ta kai idan ya kalli ƙasa ya fi fahimtar mutum fiye da idan ya kalli fuskarsa. Tun da matarsa ta rasu a gidan 'yar nan yake cin abinci.

"Baba, sun tafi da shi. Wai ranar Alhamis za a kai shi kotu, don baƙi su ga garin nan ba ya wasa da laifi."

"Shi ya zuba?"

"Haba Baba."

"Tambaya na yi. Na san mijinki. Mutumin da sai an kai masa bokitin wanka ba zai ɗauki jarka huɗu ba. Amma gara in ji daga bakinki."

Ya jawo sandarsa daga bayan ƙofa.

*

Sufeton 'yan sanda ya ba shi kujera, don Mai Sawu ya taɓa samo masa shanun surukinsa.

"Baba, jarkokinsa ne, mansa ne. Kuma ranar Juma'a a gaban mutane ya ce ko akuya ba za ta yarda ta yi kiwo a filin Tasha ba."

"Wannan ai ra'ayi ne. Kuma gaskiya ne."

"Mai ban-ruwa ya gama jiƙa fili ƙarfe biyar na yammacin Lahadi ya tafi. Mai gadi ya zo ƙarfe bakwai, ya ji warin mai ya ɗauka daga tasha ne. Awa biyu ke nan a tsakani. Na tambayi surukinka ina yake, ya ce yana gari. Ni ma ina gari."

Direba yana zaune a ƙasa a bayan kanta, babu takalmi, babu bel. Ya durƙusa ya gaida surukinsa.

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina kake?"

Direba ya kalli ɗan sandan da ke bakin ƙofa, ya rage murya. "Baba, fasinja na ɗauka. Motar kulob ce, Lahadi ba wasa, sai na ɗan yi sawu biyu zuwa garin gaba. Wata huɗu ba a biya mu ba."

"Wa ya gan ka?"

"Fasinjojin."

"Ka san sunan ko ɗaya?"

"Na san wata mai kaji."

Mai Sawu ya daɗe yana kallonsa. Idan Direba ya yi shiru, kurkuku. Idan ya faɗa, ba mai shaida, ga kora daga aiki a kai. Allah bai taɓa ba shi suruki mai sauƙi ba, ɗaya ne kuma da shi.

"Jarkokin fa?"

"A bayan gareji nake ajiye su in na juye mai. Masu buga bulo suna zuwa ɗiba. Kowa ya sani."

"A garin nan kowa ya san komai," in ji Mai Sawu, "sai ranar da ake neman shaida."

*

A ƙofar filin Tasha ya tarar da mutane sun kai ɗari biyu, kowa ya zo ganin ɓarna, kowa ya taka inda ya ga dama. Sai da suka gama tattake gefen yamma kaf sannan 'yan sanda suka tuna da igiya. Da aka gane shi, surutu ya ragu.

"Ɗan Masaƙa ne," wani ya ce. "Surukin ɓarawon ne ma."

Shugaban Tasha ya tare shi da tumbi. "Me ka zo nema?"

"Ƙasa na zo gaisarwa, ranka ya daɗe. Ita ba ta da kulob."

"Ku bar karen farauta ya shiga," wata murya ta ce daga benci. "In bai shinshina ba, ba zai yi barci ba."

Mai Tuta ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana mataimakin alƙalin wasa, yana gudu a gefen layi da tuta a hannu, kafin ya yi ritaya ya zama dattijo a kwamitin Tasha, kulob ɗin ubansa. Shi ma matarsa ta rasu. Kusan kullum da hantsi su biyun a benci ɗaya suke shan shayi suna zagin juna, don zagin ya fi zaman ɗaki.

"Makaho, har yanzu kana nan?" in ji Mai Sawu. "Na ɗauka an sayar da kai tare da filin."

"An taya, kuɗin bai kai ba. Yaya yarinyar?"

"Tana kuka a ciki."

Mai Tuta ya sunkuyar da kai, ya gyara igiyar takalminsa wadda ba ta kwance ba.

Mai Ban-ruwa ya zagaya da Mai Sawu. Mutumin yana magana kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wata uku yana rainon ciyawar nan da tiyo ɗaya mai huji bakwai. Man ya kwanta baƙi ƙirin a wuri biyu. Ɗaya a gefen yamma, daga kwanar fili zuwa tsakiya. Ɗaya a gefen gabas, shi ma daga kwana zuwa tsakiya, amma a ɗaya rabin filin. Daga layi ya shiga ciki kamar taku huɗu ko biyar, iyakar inda hannu zai iya watsa shi. Tsakiyar fili da gaban ragogi kuwa kore shar.

"Sauri yake yi," in ji Shugaban Tasha. "Ko man ne ya ƙare masa."

Mai Sawu ya girgiza jarka ta huɗu da sandarsa. Rabi ce, tana motsi.

"Ta ina ya shigo?"

"Ƙofar baya," in ji Mai Ban-ruwa. "Kwaɗonta ya lalace tun zamanin shugaban da ya gabata. An kafa kwamiti."

A ƙofar baya ƙasa ta yi magana. Ga sawun baro mai taya ɗaya, ya shiga da nauyi ya fita babu nauyi. Ga takalmin roba irin wanda rabin gari ke sawa. Gefe guda kuma ga tayar babbar mota, ga takalmi mai tsini na mutum mai ƙiba, ga ƙananan ramuka a jere inda aka kafa turaku aka zare.

"Wa ke auna fili da turaku?"

Mai Ban-ruwa ya kalli bayan Shugaban Tasha. Kallon ya isa.

*

Ranar Talata Mai Sawu ya hau bene har hawa biyu da gwiwarsa ɗaya. Ofishin Ɗan Kwangila, mai sayen filaye a garin nan, yana da fanka uku da hoton wasu shaguna da ba a gina ba tukuna. A jikin hoton ana ganin hasumiyar tashar jirgi daga baya.

"Kun auna filin Tasha, yallaɓai."

"Na auna. Ranar Asabar, da rana tsaka, Shugaba yana riƙe min ɗaya bakin igiyar. Na Masaƙa ma na auna. Ɗaya za a sayar, ni ba ni da zaɓi a cikin 'ya'yan wasu."

Gaskiya ya faɗa, Mai Sawu ya riga ya sani. Ruwan tiyo na ranar Lahadi ya cinye gefunan sawun takalmi mai tsini, na robar kuwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa aka taka shi. Amma ya so ya ji mutumin yana magana.

"Na Tasha ya fi tsada. In ya lalace, shi za a sayar."

Ɗan Kwangila ya yi dariya har kujera tana ƙara. "Baba, kai daji ka sani. Wa zai zuba mai a ƙasar da zai saya? Kuma ni ba na kashe abu, zama nake in jira ya mutu da kansa, ya fi araha. Ka san abin da man nan ya yi min? Tun jiya 'yan Tasha ke tara sa hannu su janye daga haɗewar. Sun ce ba za su sa riga ɗaya da masu zuba musu mai ba. In aka fasa haɗewa, kowa ya riƙe filinsa ya gangara ƙasa da shi, ni kuma in ci hoton nan. Ka nemo min mutumin, ni ma ina da magana da shi."

A kan matakala Mai Sawu ya tsaya ya huta. Tun jiya yake tambayar wa ke son filin Tasha ya faɗi. Tambayar ce ba daidai ba. Wa ke son haɗewar ta mutu? Wannan kuwa rabin gari ne, kuma rabin rabin 'yan Tasha ne.

Da yamma ya je cin abinci. 'Yarsa ta ajiye masa kwano, ta zauna tana kallonsa. Ya ci loma uku ya wanke hannu.

*

Laraba da sassafe ya koma filin shi kaɗai. Gefen gabas yana jikin katangar jirgi, ga kwata a wurin, ga wari, shi ya sa 'yan kallo ba su taka shi ba. A nan sawun takalmin robar yake kwance lafiya, tun daga kwana.

Ya durƙusa da ƙyar. Mutum ne mara nauyi, ɗan gajere, dattijo, don diddige ya fi yatsu nutsewa. Wannan bai rage masa kowa ba. Abin da ya dame shi tafiyar ce. Duk sawun da ya taɓa bi a duniya gaba yake kallo, ƙafa ɗaya ta wuce ɗaya. Waɗannan kuwa duka filin suke kallo, a jere kafaɗa da kafaɗa, kamar mutane da yawa sun tsaya sahu. Ya fara tunanin ko mutum goma ne. Ya auna da sanda. Takalmi ɗaya ne, da tsaga ɗaya a dunduniyar hagu.

Abin da ake yi a daji idan sawu ya ƙi magana shi ne a shiga cikinsa. Ya ajiye sanda, ya sa ƙafarsa kusa da na farko, ya nemi na biyu. Dama ta matsa gefe, hagu ta biyo ta. Dama ta matsa, hagu ta biyo. Ba sa harɗewa. Ƙirjinsa yana fuskantar fili, yatsunsa suna bayan farin layi da kamar faɗin tafin hannu, ba su taɓa shi ko sau ɗaya ba. Haka ya yi ta tafiya a karkace kamar ƙaguwa, har sawun ya tsaya cak. Ya ɗaga kai. Daidai layin tsakiya.

Mutum shi kaɗai a fili, ba mai ganinsa, da mai a hannu, ya zo ɓarna. Ga gaban raga a buɗe, inda in ya zuba rabin jarka an gama. Amma ya kasa tsallake layi. Ya yi rabin gefe ɗaya ya tsaya, ya zagaya ta bayan raga ya yi ɗaya rabin na can tsallake, yadda ake raba gefuna a ranar wasa.

Kansa bai so ya gane ba, jikinsa ne ya gane. Ɗan wasan gaba ido ɗaya yake ba ƙwallo. Ɗayan yana gefen fili, kan wani ɗan mutum da ke binsa a karkace.

Mutum uku suka taɓa riƙe tuta a garin nan. Ɗaya ya rasu. Ɗaya ciwon suga ya ci masa ƙafa.

Mai Sawu ya zauna a bakin kwata har rana ta yi zafi. Ranar bai je shan shayi ba.

*

Bayan la'asar Sufeto ya tara su a filin, kamar yadda aka roƙe shi: shugabannin kulob biyu, dattawan kwamiti, Ɗan Kwangila, da Direba da ankwa a hannu. 'Yan kallo suka cika bayan igiya, Tasha a dama, Masaƙa a hagu, ba wanda ya tsara su. Mai Sawu ya sa Mai Ban-ruwa ya jiƙa ɗaya rabin gefen gabas, wanda man bai taɓa ba.

"Baba, ka ce za ka nuna min mutum," in ji Sufeto.

"Zan nuna. Ku dai biyo ni, akwai abin da nake so ku gani a tsakiyar fili. Gwiwata ba ta sauri, ku yi haƙuri."

Ya karɓi ƙwallo, ya ajiye ta a kwana, ya shiga fili yana tura ta a hankali da gefen ƙafa, yana ba su labarin yadda ake gane sawun kura da na kare. Labarin ba shi da amfani, ya ja shi ne don kunnuwa su yi aiki ƙafafu su manta da kansu. Suka bi shi a tarwatse. Ɗan Kwangila yana tattare babbar riga. Shugaban Tasha yana tsaki. Direba yana jan ƙafa.

Da ya kai da'irar tsakiya ya taka ƙwallon, ya juya.

"To, kowa ya tsaya inda yake."

Duk suna cikin fili, sun kewaye shi. Mutum ɗaya ne ba ya ciki. Mai Tuta yana can bayan layi, daidai tsakiya, ƙafafu a haɗe, yana fuskantar su, hankicinsa a hannun dama yana lilo ƙasa.

"Sufeto, je ka duba bayansa. Sannan ka ɗan ƙara gaba ka duba na cikin man."

Sufeto ya je. Ya kalli sabon sawun, ya taka zuwa tsohon, ya dawo. Ya sake komawa.

"Takalmin ba ɗaya ba ne," in ji shi a hankali.

"Takalmi ana jefa shi a masai. Tafiya ba a jefa ta."

Mai Tuta ya kalli ƙafafunsa kamar wasu 'ya'ya da suka kunyata shi a gaban baƙi. Sai ya yi 'yar dariya.

"Ka ga ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban san ban shiga ba."

Shugaban Tasha ya buɗe baki. "Kai? Filinmu? Filin da ubanka ya share da hannunsa?"

"Shi ya sa ban bar wa wani ba. Kai ka riƙe wa mai saye igiya, ni na zuba mai. Mu je gaban Allah a auna."

"Yaron nan fa?" in ji Sufeto, yana nuna Direba. "Da gobe yana gidan yari."

"Na ɗauka za su riƙe shi kwana biyu su sake shi. Jarkokin nake so a gani, ba shi ba." Ya kalli Mai Sawu. "Ban yi barci ba tun Litinin, in wannan zai yi maka amfani."

"Me ya sa?" Mai Sawu ya tambaya.

"Kai ne za ka tambaye ni?" Mai Tuta ya juya ya nuna mutanen hagu da hankicinsa. "Tambayi waɗancan sunan da suke kirana. Wasan ƙarshe na kofi, shekara talatin da ɗaya ke nan. Saura minti biyu ka jefa ƙwallo a ragar Tasha, na ɗaga tuta na ce satar gida. Tun ranar nake Ɓarawon Tuta. Sun fasa min taga. Sun tofa wa matata yawu a kasuwa, ta dawo ta wanke mayafinta ba ta gaya min ba, a bakin maƙwabta na ji. 'Ya'yana da sunan suka gama makaranta. Yaran da ba a haifa ba a lokacin, su ma sun iya shi. Yanzu an ce in sa rigarsu, in zauna a kwamiti ɗaya da su, in tafa musu, saboda wani kamfani ya rage kuɗi. Gara mu gangara ƙasa da sunanmu."

"Ai ɓarawon ne," wani ya ce daga hagu. "Ga shi ya nuna hali."

Aka yi dariya a can. Ba a yi a dama ba.

Mai Tuta bai waiwaya ba. Ya miƙa wa Sufeto hannuwa biyu, idonsa a kan abokinsa. "Ka daɗe kana jira, mutumina. Ka rama. Ɗaya da ɗaya."

Mai Sawu ya buɗe baki. Ya kalli mutanen hagu, waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa a waccan ranar duk da an sha kashi, waɗanda har gobe ba sa barinsa ya biya kuɗin aski saboda ƙwallon da aka sace masa. Ya ce a ransa ba nan ne wurin ba, gobe zai same shi shi kaɗai. Ya rufe bakin.

Aka cire ankwa daga hannun Direba aka sa a na tsohon. Ta yi masa yawa, sai da aka matse.

*

Direba ya kwana a gida. Bayan mako biyu mai kajin ta gan shi a gareji ta gaishe shi a gaban Shugaban Masaƙa tana tuna masa ranar da ya ɗauke ta, aka kore shi.

Masu dubawa sun zo ranar Alhamis, sun toshe hanci, sun zaɓi filin Masaƙa cikin minti goma. Masu tara sa hannu suka naɗe takardarsu, don ba a janyewa saboda ɓarnar da ɗan gida ya yi. Aka haɗe kulob biyu aka sa masa sunan da ba wanda ke kira. Ɗan Kwangila ya samu ragi saboda man.

Wata takwas alƙali ya ba Mai Tuta. Sau uku Mai Sawu yana hawa mota zuwa gidan yari da sukari da ganyen shayi a leda. Sau uku gandiroba yana dawowa ya ce tsohon ya gode, amma ba ya jin fitowa. A karo na huɗu bai karɓi ledar ba. Ya ce ciwon ƙirji ne, tun ranar Asabar, 'ya'yansa sun zo sun ɗauki gawarsa.

Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofar da ledarsa. Maganar ba ta da tsawo, a mota ma ya sake maimaita ta: satar gida ce, taku ɗaya na wuce ɗan bayansu, na sani tun kafin ka ɗaga tutar.